Shekarar da Na Zana wa Masallaci Tsufa

Ran nan ina zaune ƙofar gidana a Tahoua, wasu samari uku masu buga birgi, wato bulon siminti, suka fake a zaurena suna shan ruwa. Ɗayansu ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce wa ƴan'uwansa, "Ginin ƙasa ai ba sana'a ba ce. Taɓo ne, ka kwaɓa ka maka. Ko zanzaro yana yi."

Na ce masa, "Ɗana, zanzaron ma shekara bakwai ya yi yana koyo a hannun maigidana, kuma korar shi aka yi. Yunwar da ya sha ce ta tsinke masa ƙugu har yau."

Suka yi dariya suka tafi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko wani cikinsu zai karanta. Sunana Arzika, magini ne ni, amma ba ɗan magini ba, don ubana manomi ne da ko akurkin kaji ya gina sai kajin sun gwammace kwana a bisa icce.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Galma ta haƙar ƙasa, kwando, tsani, igiya, gatarin sassaƙar azara, da ɗan dutse mai santsi na guga. Sauran duk a jikinka suke: ƙafa, tafin hannu, ido, da harshe. I, harshe. Maigidana Baba Nomau, wanda ya koya mini aikin, ba ya taɓa ƙasa da galma sai ya ɗanɗana ta. In ya ji gishiri-gishiri sai ya tofar ya yi gaba, don ƙasa mai gishiri tana cin gini daga gindi. Ni na ci ƙasar Adar da za ta cika rumbu biyu kafin harshena ya waye.

Shekara biyu na farko ban hau tsani ba. Aikina tattaka ƙasa: a zuba ruwa, a watsa ciyawar ramno da kashin jaki, in shiga in yi ta taku kamar mai rawar da ba kiɗa. A bar ta ta kwana, ta ruɓa, gobe a sake. Sai warinta ya kori kuda sannan Baba Nomau ya ce ta nuna. Daga nan na koyi murza tubali da hannu, da jefa shi sama ga wanda ke kan bango ba tare da na fasa masa baki ba. Baba Nomau ba mai yawan magana ba ne. In ka ɗora bango bai yi masa ba, ba zai zage ka ba, zai jingina da shi ne kawai kamar mai hutawa, sai ka ga bangon ya kwanta shi yana tsaye. Sai ya ce, "Af, ashe bai gama ba." Haka na yi shekara tara kafin ya bar ni na ɗaure bakan gizo ni kaɗai, wato baka na azara da ke ɗauke da rufin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Aikin da nake so in ba da labari na wani tsohon masallaci ne a wani ƙauye bayan Barmou. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ina da surukai a can kuma ina son furarsu. Masallacin yana kan tudu, gindinsa dutse irin namu, samansa ƙasa. Ginshiƙi huɗu a ciki, bakan gizo na tashi daga kowanne su haɗu ƙarƙashin tulluwa, wato ƙubbar rufin. Kaurin bangonsa, in ka kwanta a kai ka miƙe, sai yatsun ƙafarka kaɗai za su leƙo. Ba wanda ya san shekarunsa. Maigari ya ce kakan kakansa ya tarar da shi. Liman ya ce kakan kakan Maigari ma baƙo ne a garin.

Al'adar garin ita ce kowace bazara, kafin ruwan fari, a yi gayya a yaɓe shi. Mata su ɗebo ruwa, samari su tattaka, magini ya hau. Baba Nomau ne ke hawa tun kafin a haife ni. Da gwiwoyinsa suka ƙi tsani, ya kai ni gaban Maigari ya ce, "Ga hannuna." Shi ke nan masallaci ya dawo wuyana.

A farkon shekarun casa'in, kafin hanyar Agadas ta lalace, anasara ƴan yawon buɗe ido suna ratsa Tahoua kamar fara. Akwai wani abokina Buzu, Agali, direba kuma jagoransu, mai rawanin da in aka warware shi zai kai garin Bambeye daga tashar Tahoua. Shi ya fara sauke su daga gudro, wato hanyar kwalta, yana kai su ƙauyen nan. Na taɓa tarar da su ina duba indararo. Wani yana shafa bango kamar ya ga doki, wata tana ɗaukar hoton tsaga, wani ƙato ya kwanta rigingine a ƙasa yana ɗaukar hoton zanko. Agali yana ta zuba musu Faransanci, suna kaɗa kai.

Na ja shi gefe na ce, "Kai Buzu, mi kake gaya musu?"

"Na ce shekaratai ɗari bakwai."

"Wa ya gaya maka?"

"Bara ɗari biyat na ce, na ga ba su ji daɗi sosai ba."

"To su mi sunka ce?"

"Sun ce ginin zamanin tsakiya ne."

"Tsakiyar mi?"

"Sarkin taɓo, ni direba ne. Ka bar ni in ci abinci."

Wata rana da kaka, bayan an kai hatsi rumbu, Agali ya zo wa Maigari da babban albishir. Nan da kwana goma sha biyu zai kawo wata Madam da ke rubuta littafin hanya, wanda ke gaya wa anasara inda za su tsaya tsakanin Yamai da Agadas. In masallacin ya shiga littafin, motoci za su riƙa tsayawa kowane mako. Mata su sayar da cuku da tabarmi da faya-fayai, samari su huta da zuwa cin rani Abijan. Ya faɗi haka, ya sha shayinsa, ya tada mota ya tafi. Bai ƙara ko kalma ɗaya kan abin da Madam ke son gani ba, kuma har yau ina riƙe da shi a kan wannan.

Maigari ya fita ya dubi masallaci. Damina ta wanke shi, ga zirin ruwa, ga ƴan tsage-tsage, zanko ɗaya ya guntule. Ya ce, "Babbar baƙuwa na tahe, mu tarbe ta da yagaggar riga? Ku kira mini Arzika."

Ban taɓa aiki irin na kwana taran nan ba, kuma ba na jin zan sake. Aka yi gayya ba lokacinta ba, har tsofaffi suka shiga taɓo. Na sa aka kawo makuba, ɓawon ɗorawa mai sa yaɓe sheƙi, daga kudu, na yaɓe shi ciki da waje, na bi da dutse ina guga har mutum na ganin haƙoransa a bango. Na zagaye ƙofa da farar ƙasa. Na tada zankaye sababbi masu tsini. Na zana takobi da wata a gaba, sannan don a girmama baƙi na zana mota kat-kat, irin wadda ke kawo anasara, a bisa ƙofa, da tayoyinta huɗu har da na jiran ko-ta-kwana. Liman ya duba ya ce mota ba ta da rai, ba laifi.

Ranar zuwansu na sa rigata ta salla. Da hantsi motoci biyu suka hau tudu, mata suka rangaɗa guɗa. Madam ta fito, wata siririya mai furfura da malafa kamar faifai, riƙe da wani hoto a hannu. Ta dubi hoton, ta dubi masallaci. Ta sake duban hoton. Sai ta zagaya baya, ta leƙa, ta dawo, ta zagaya ta ɗaya gefen. Na matso gaba-gaba ina gyara hula don a san mai aikin.

Agali ya sassauta rawani ya ce, "Arzika, mi kunka yi?"

"Mun gyara."

"Ta ce ina tsohon masallacin."

"Ga shi gabanta."

"Ta ce wanga sabo ne."

"Ce mata tsohon na ciki. Riga munka sa mishi."

Ya faɗa mata. Ta yi magana mai tsawo, har ta share ido.

"Ta ce ku tuɓe mishi."

Maigari ya dube ni, na dubi liman, liman ya dubi sama. Madam ta nuna motar da na zana, ta ƙara wata magana gajera mai kaifi.

"Ta ce wane mugu ya yi wanga aiki?"

Na ja da baya a hankali na shige cikin jama'a, na ce, "Ce mata ya tahi Abijan."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da ya biyo baya. Suna komawa mota sai ta hango wani kangon rumbu a bayan gari, rabinsa a zube, ƙadangaru na shan rana a kai. Ta yi ƙara ta ruga. Ta fi awa ɗaya tana ɗaukarsa hoto, gaba da baya, tana durƙusawa. Wannan rumbu ni na gina shi damina uku da suka wuce, mai shi ya matsa mini na yi da ƙasar da ba ta nuna ba, ya faɗi ya zama abin kunyata a garin. Ta tambayi shekarunsa. Na ji Agali ya ce ɗari uku.

Da ƙurar motocinsu ta kwanta aka taru ƙofar Maigari. Agali, don ya sanyaya zukata, ya bar saƙo cewa Madam ta ce in masallaci ya koma yadda yake za ta dawo. Ko ta faɗa ko shi ya ƙago, Allah masani. Maigari ya yanke hukunci: daga yau ba mai sake yaɓe masallaci sai ya tsufa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ginin ƙasa in ba a yaɓe shi ba, ba tsufa yake ba, mutuwa yake."

Ya ce, "Magini, kai ka ga anasara ta yi kuka saboda tsaga?"

"Na gani."

"Ka gane dalili?"

"Ban gane ba."

"To ni ma ban gane ba. Abin da ba mu gane ba, sai mu bi shi a hankali."

Daga nan shekarun wahala suka shigo. Tawaye ya tashi a arewa, mota ba ta zuwa Agadas sai da rakiyar soja, anasara suka ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Mai motar Agali ya karɓe abinsa, Agali ya koma dafa shayi a tasha. Ma'aikata suna wata da watanni ba albashi, to wa zai yi gini? Aka zo aka karya darajar kuɗinmu sefa, abin da ka saya jiya yau ya zama na kallo. Ni da na ɗaure bakan gizo, na koma gyaran murhu da toshe ramin ɓera a ba ni kwanon hatsi. Na rame har in na hau tsani, tsanin ba ya sanin an hau shi.

Damina biyu suka wuce a kan masallaci ba yaɓe. Lokacin kuma jam'iyyu sun shigo, kowa ya sami baki. Garin ya rabu biyu, masu cewa a yaɓe da masu cewa a bari ya tsufa, kuma ban san yadda aka yi ba kowane ɓangare ya manne da jam'iyya guda. Wa da ƙane suka daina cin tuwo tare a kan taɓo. Ni da ba ni da katin jam'iyya ko ɗaya, masu yaɓe suka ce ni na kori Madam, masu tsufa suka ce ni ke zuga masu yaɓe. Ko'ina na zauna sai a tashi.

Bazara ta uku na je da tsanina ba wanda ya kira ni. Indararo biyu sun faɗi, ruwa ya yanka hanya a bangon gabas da hannuna ke shiga har gwiwa. Fatar tulluwa ta zaizaye, kawunan azara sun fito kamar haƙarƙarin saniya a ƙarshen rani. Na soka yatsa a uku daga cikinsu, gara ta mai da su gari. Na shiga ciki, na ga zaren hasken rana yana saukowa daidai inda liman ke tsayawa. Sahu uku ne ke salla ƙarƙashin wannan.

Maigari ya tarar da ni ina saukowa, fuskarsa cike da murna. "Ka gani, magini? Ya fara kyau."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga ba shi ganin kaka. In ya faɗi ranar Juma'a, ba ka da wanda za ka yi wa sarauta."

Ya ɗaga kai ya dubi tulluwa. Ya san gaskiya ce, amma ya riga ya yi magana gaban jama'a, kuma ɓangarensa na kallonsa. Bakina ne ya yi gaba ba da shawarata ba, na ji na ce, "In na gyara shi, amma ya zama kamar ba a gyara ba fa?"

"Ana yin haka?"

"Ban taɓa ji ba."

"Kana iyawa?"

"Ban sani ba."

"To yi."

Liman kaɗai ya ƙi yarda. Ya ce, "Arzika, ƙarya za ka rubuta a jikin ɗakin Allah?" Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ado ne. Wani na zana fure, wani na zana takobi, ni zan zana tsufa." Ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce shi dai kada rufi ya faɗo masa.

Samari, ku da kuka ce taɓo ne kawai, ku saurari wannan. Kwana arba'in na yi, da tsofaffi da mata kaɗai, don majiya ƙarfi duk suna cin rani. Na tallafe tulluwa da gumagumai, na zare ruɓaɓɓun azara ɗaya bayan ɗaya na sa na goriba da suka jiƙa suka bushe. Na cike ramin gabas da tubali, na mai da indararo. Wannan duk aiki ne da na sani. Wahalar tana wajen riga. Na ɗebo baƙar ƙasa daga gindin kududdufi, na haɗa da toka da tsohon yaɓe da aka daka, don kada launi ya tona asiri. Maimakon in goge, sai in bi da tsintsiya ina duka. In hau sama da tulu in tsiyayo ruwa a hankali don ya bar ziri. Zankaye na gina su guntaye da gangan, kamar haƙoran tsohuwa.

Sai tsaga. Ashe tsaga ma ilimi ce. Na zana ta farko, wata tsohuwa mai ɗebo ruwa ta ce, "Wagga ba tsaga ba ce, maciji ne." Sai na koma makaranta. Na zauna gaban kangaye, har da rumbun nan nawa, ina kallon yadda tsaga ke tashi daga kusurwar ƙofa, yadda take rabuwa biyu, yadda take sirancewa ta ɓace. In zana da ƙusa tun yaɓe na da danshi, zurfinta kada ya wuce farce, bakinta ya karkata ƙasa don kada ruwa ya zauna. Hannuna kuwa ya ƙi yarda. Shekara ashirin ana koya masa gyara. Dama na tsagawa, in na waiga sai in tarar hagu ta bi baya ta shafe. Sai da na riƙa soke hagun a cikin wando.

Da na gama, awaki suka daina fakewa a gindinsa. Wani baƙo mai jaki ya zo wucewa ya yi salati ya canja hanya. Maigari ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Magini, ka tabbata ka gyara?" Masu tsufa suka ce sun ci, masu yaɓe suka ce sun ci. Damina ta zo da ƙarfi, gidaje suka zube a garin, masallaci ko ɗigo bai yi ba.

Anasara ba su zo ba. Wanda ya zo, da bazara ta zagayo, shi ne Alhaji Sha'aibu, ɗan garin da ya yi shekara ashirin yana kasuwanci a Abijan. Ya ji ana yunwa, ya taho da kamyo, babbar motar kaya, cike da hatsi ya raba gida-gida, Allah ya saka masa. Direban kamyon kuwa Agali ne, ya sami aiki. Alhaji ya je sallar azahar, ya ɗaga kai ya ga masallaci, sai hawaye. Ya ce, "Ni ina kwana bisa bene, ubana na salla cikin kango?" Nan take ya aika Tahoua a kawo siminti da tol, wato kwanon rufi, da magina na zamani. A rushe wannan, a gina sabo a wurin.

Labari ya iske ni, na hau motar kasuwa a kan buhunan albasa na isa. Na tarar da shi zaune kan tabarma da Maigari. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, Allah shi karɓa. Amma ginin nan lafiyatai lau. Tsagar nan duk ta ƙarya ce, ni na zana ta da ƙusa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne maginin?"

"Ni ne."

"An ba ka masallaci mai lafiya, ka ɗauki ƙusa ka tsattsaga shi?"

"A'a, ba shi da lafiya, na ba shi lafiya, sannan na tsaga."

"Don mi?"

"Don shi tsufa."

"Wa ke son shi tsufa?"

"Wata Madam."

"Tana ina?"

"Ba ta zo ba."

Ya juya ga Maigari. Maigari, da hatsin Alhaji a cikinsa, ya sunkuya yana nazarin yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsu. Alhaji ya ce, "Malam Arzika, in ka yi abin da ka ce, kai mahaukaci ne. In ba ka yi ba, kai maƙaryaci ne. Wanne zan ɗauka?" Wallahi ni ma a lokacin da za a ba ni zaɓi sai na nemi shawara.

Maginan siminti suka zo da diga goma sha biyu, suka shiga suka ɗaga kai suka ga tulluwa, suka fito da baya. Babbansu ya ce ba su san inda za su fara ba, suna tsoron ta rufto musu, a nemo wanda ya san ginin. Alhaji ya sa aka kira ni. Ya ce, "Nuna musu inda za su sara. Ranar da ya faɗi, buhu biyu na hatsi naka ne." Gidana a lokacin, in ka buga rumbu sai ya amsa maka kamar ganga.

Kowane soro yana da inda ransa yake, kuma maginin da ya san ɗaurewa ya san kwancewa. A wannan masallaci, can ƙarƙashin tulluwa ta gefen kudu, akwai inda azara huɗu suka ciji juna. Ka fasa yaɓe tafi biyu, ka yanke igiya, ka zare guda, ka ruga. Kafin tukunyar shayi ta tafasa komai ya zauna a ƙasa. Ni na ɗaure wurin da hannuna shekarar da ta wuce.

Na zagaya masallaci sau uku, ina ƙwanƙwasawa, ina kara kunne kamar likita. Jama'a na bina a baya. Na tsaya a kusurwar gabas maso arewa, inda ruwa ya fi duka, inda kowane magini tun farkon ginin yake ƙara dunƙule biyu bisa na wanda ya gabace shi, inda dutsen gindi ya haura kan mutum. Na dafa na ce, "Nan."

Liman ya yi tari. Na ƙi dubansa.

Kwana uku suna sara. Da fari baƙar rigata ta fita, sai ta makuba mai sheƙi, sai jar ƙasar Baba Nomau, hawa bisa hawa. Bayanta wasu suka fito da ban san masu su ba, wata fara, wata ruwan toka, wata da ɓawon gero a ciki, kamar ana ɓare albasa. A wata ma ga sawun yatsu biyar na wani mutum, ƙanana, ya danna ya bari. Na sa hannuna a kai, bai kai nawa ba. Agali ya tsuguna yana ƙirgawa har ya ɓace, ya ce, "Sarkin taɓo, ashe ɗari bakwai ɗin ma rowa na yi musu."

Rana ta uku diga ta iske dutse. Wuta ta tashi, biyu suka karye, hannun samari ya yi ƙanta ya fashe. Sun yi rami da maraƙi zai kwanta a ciki, masallaci ko gezau. Ga magina suna cin shinkafar Alhaji safe da yamma, ga shagonsa na jiransa a Abijan, ga iska ta fara juyowa da ƙanshin ruwa. Alhaji ya zo ya leƙa ramin, ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Magini, kai da Allah."

Na ce, "Amin, Alhaji."

Ya sa aka auna fili yamma da tudu, aka fara haƙa tushen sabo a can. Buhu biyu kuwa suka koma cikin kamyo ina kallo, har na ji kamar suna waigena.

Aka bar ni da rami a bangon gabas, baki buɗe, daidai inda ruwa ke shigowa. Washegari da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen Barmou. Ina da ƙasar da na jiƙa tun ranar da suka fara sara, ta nuna. Na tuɓe riga na fara jera tubali. Sai ga Maigari da jama'a.

Ya ce, "Magini, tsaya. Sabo za ka toshe shi ko tsoho?"

Wani ya ce sabo, tun da Alhaji na gari kada a sake ba shi kunya. Wani ya ce tsoho, an ce hanya ta kusa buɗewa. Agali ya ce a bar ramin haka, anasara za su biya don su ga cikinsa. Liman ya ce shi dai a toshe. Murya ta hau murya, wani ya kama rigar wani, aka koma kan wanda ya fara kiran gayyar farko. Ni kuwa ina ta cusa tubali ina maka ƙasa, ba guga ba tsintsiya, yadda hannu ya ga dama. Ɗigon farko ya faɗo mini a ƙeya ina shafe dunƙulen ƙarshe. Ruwa ya kece, kowa ya kwashi takalmansa, duka ɓangarorin suka ruga cikin masallacin suka ci gaba da gardama a bushe.

Na tsaya a waje ina kare yaɓen da tabarma har ruwan ya tsagaita. Har yau ba wanda ya zo ya gaya mini wanne suka zaɓa.